Yaya ƙungiyar 'yan mazan jiya za ta yi babban taronta na shekara a lokacin annoba?

Tambaya: Ni sakatare ne a wata ƙungiyar tsofaffin sojoji. Tsarin mulkinmu ya ce a yi babban taro sau ɗaya a shekara, a nan ake zaɓe, a nan ake amincewa da kasafin kuɗi. Yawancin wakilanmu sun haura shekara 60. Idan annoba irin ta korona ta ɓarke, soke taron za mu yi, ko ɗage shi, ko mayar da shi intanet?

Amsa: Malam Sakatare, kafin ku kira otal ko ku zaɓi manhaja, ku fara buɗe kundin tsarin mulkin nan naku. Babban taro abu biyu ne a haɗe. Akwai aikin da doka ta ɗora masa, wato zaɓe, kasafin kuɗi, ƙudurori da gyaran tsarin mulki. Akwai kuma zumunci: fareti, liyafa, ganin tsohon abokin da aka yi filin daga tare. Zumunci yana iya jira. Aikin doka kuwa in an yi shi ba bisa ƙa'ida ba, mamba ɗaya da ya faɗi zaɓe ya isa ya ja ƙungiyar zuwa kotu.

Abu uku za ku duba a kundin. Ya yarda a yi zama ba tare da an haɗu ido da ido ba? Wakilai nawa ne dole su halarta kafin zama ya halatta? Sannan wa'adin shugabanni, an rubuta "shekara ɗaya" ne kawai, ko an ƙara da "har sai an zaɓi magadansu"? Wannan ɗan ƙarin shi ne ke raba gardama. In yana nan, shugabanni na iya ci gaba da riƙo ba tare da giɓi ba. A 2020 ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka mai suna American Legion ta soke taronta na ƙasa da aka shirya yi a Louisville, shugabanta James Oxford da aka zaɓa a 2019 ya ci gaba da riƙe muƙamin har taron 2021 a Phoenix. In kuwa kundinku ya yi shiru a kan zama ta intanet, kada ku ɗauki shirun a matsayin izini. Ku nemi lauya ya duba dokar da aka yi wa ƙungiyar rajista a ƙarƙashinta. Duk abin da kwamitin zartarwa ya yanke a halin gaggawa a rubuta shi, da kwanan wata da dalili, a kawo shi gaban cikakken taro na gaba ya tabbatar.

Sai yarjejeniyar otal. Ku karanta sashen da ya yi magana a kan larurar da ta fi ƙarfin kowa. Sau da yawa ba ya aiki sai gwamnati ta hana taro a hukumance. Tsoron cuta kaɗai ba ya wadatarwa. Galibi akwai kuma sharaɗin cewa in ba a cika ɗakunan da aka kama ba, ƙungiya ce za ta biya giɓin. Shi ya sa neman a mayar da kuɗin kafin alƙalami zuwa taron baɗi ya fi sauƙin samu a kan neman a dawo da shi hannu.

A ganinmu, muddin cutar na yaɗuwa kuma babu rigakafi, ƙungiyar da yawancinta dattawa ne, masu hawan jini da ciwon suga da larurar huhu, ba ta da hujjar tara ɗaruruwan mutane a ɗaki guda kwana uku. A mayar da aikin doka intanet, a rage shi iya abin da ya zama dole.

Nan ne aikin yake da yawa. A aika wa wakilai ƙudurori da rahoton kuɗi a rubuce aƙalla kwana 30 kafin ranar, kwamitoci su gama tacewa tun kafin nan, domin muhawarar da ake yi a zaure cikin awa ɗaya takan ci biyu a manhajar taro ta Zoom. Kowane zama kada ya wuce minti 90. A yi gwaji mako guda kafin taro, kowane wakili ya shiga, ya buɗe makirufo, ya faɗi sunansa da reshensa. A tanadi lambar waya ga wanda ba shi da intanet, kowane reshe kuma ya ware matashi ɗaya da zai zauna kusa da dattijon da wayar ke ba wuya. Kada a manta da kunne: raunin ji ya yi yawa a tsakanin waɗanda suka daɗe kusa da ƙarar bindiga da injuna. A kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan allo, kuma duk ƙudurin da za a kaɗa wa ƙuri'a a nuna shi a rubuce.

Ƙuri'a ita ce inda aka fi tuntuɓe. Ɗaga hannu a allo ba ya ƙirguwa daidai. Wakilai uku na iya zama gaban waya ɗaya, manhaja ta ƙirga su mutum guda. Wani kuma layinsa ya yanke ana tsakiyar ƙirga. Kwamitin tantance wakilai ya ba kowa lambar sirri da ke aiki sau ɗaya, a sake tabbatar da adadin mahalarta kafin kowace ƙuri'a, a bar ƙofar zaɓe a buɗe awa 24 ko fiye. In ta gidan waya za a yi, ambulan biyu ake amfani da su: na ciki babu suna, yana ɗauke da ƙuri'a, na waje kuma da suna da sa hannu. A tantance na waje, a zuba na ciki a akwati ba a buɗe ba, sannan a ƙirga a gaban wakilan 'yan takara.

Idan hukumomin lafiya sun ba da dama kuka zaɓi wasu su zo wasu su bi daga gida, ku sani wannan ya fi kowanne wahala. Na zaure sukan mamaye magana, na gida su koma 'yan kallo. A naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai lura da hannun na gida, shugaban zama ya riƙa karɓar ɗaya daga nan ɗaya daga can. Duk wayar da ke cikin zauren a kashe mata sauti, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta hana kowa ji.

Lissafin kujeru mai sauƙi ne. Tazarar mita 2 ta kowane gefe na nufin murabba'in mita 4 ga mutum ɗaya, don haka zauren da ke da murabba'in mita 600 ba zai wuce mutum 150 ba, kafin ma a cire dandamali da hanyoyin wucewa. Iska ta fi goge tebur muhimmanci. A buɗe tagogi, a sa na'urar auna iskar da ake fitarwa daga numfashi. In lambar da na'urar ta nuna ta haura 800, a tafi hutu a bar ɗakin ya sha iska. 'Yan mazan jiya sun san wannan darasi tun 1976, lokacin da mahalarta taron American Legion a wani otal a Filadelfiya suka kamu da ciwon huhu, da dama suka rasu, aka kuma danganta ƙwayar cutar da na'urar sanyaya ginin. Liyafa ita ce wurin da kowa ke cire takunkumi yana ɗaga murya, saboda haka a soke ta, a raba abinci a ƙunshe. A ajiye sunan kowa da lambar kujerarsa tsawon kwana 14, ko da wani zai kwanta bayan an watse.

Abu ɗaya da ba mu so a yar shi ne tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A Nuwamban 2020 an yi bikin tunawa da mazan jiya a Landan ba tare da jama'a ba, amma an yi shirun minti biyu, mutane suka bi daga gidajensu. Ku ma mutum biyar sun isa: mai riƙe tuta, mai busa begila, mai addu'a, da biyu masu karanta sunaye a hankali, hoton kowane mamaci na fitowa a allo, iyalansa na kallo.

Ranar da kuka sake haɗuwa a cikakken taro, ƙudurin farko ya zama gyaran kundi: wa ke da ikon ayyana halin gaggawa, yadda za a yi zama da zaɓe daga nesa, da iyakar watannin da shugabanni za su iya ƙarawa a kan wa'adinsu.