Wakilin Kamfani Ko Manhajar Waya: Maganar Wa Zan Ɗauka Kan Inshorar Lafiya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, nan Jos. Yarana uku, mai ɗakina kuma tana da juna biyu na wata huɗu. Mahaifiyarmu tana hannuna, shekarunta 68, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuɗin maganinta ne ke neman durƙusar da ni. Wani wakilin kamfanin inshorar lafiya ya zo shagona har sau uku, ya ce in biya na shekara guda in huta. Ɗan yayana da ke jami'a ya ce kada in kula shi, ya tambayi manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira a wayarsa, ta zayyano mana wani tsari dabam ta ce ya fi sauƙi. Na rasa tudun dafawa. Maganar wa zan ɗauka?

Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo.

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya ba Hajiya mahaifiyarku lafiya, Ya sauki mai ɗakinka lafiya.

Shekara 14 na yi a teburin masu katin inshora na wani asibitin kuɗi a garin nan, don haka bari in fara da abin da idona ya gani. Wani dare aka kawo wata mata naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, likita ya ce sai an yi mata aiki. Mijin ya miƙo mini kati yana murmushi, a zatonsa an gama magana. Na kira kamfanin, suka ce tsarin da ya saya ba ya ɗaukar haihuwa sai kati ya shekara, nasa kuwa watansa biyar. Har yau ina ganin yadda ya riƙa juya katin nan a hannunsa, ya duba gaba ya duba baya, kamar zai ga wani rubutu da ya ɓuya. Babur ɗinsa ya jinginar kafin gari ya waye. Wanda ya sayar masa da katin bai yi masa ƙarya ba, shiru kawai ya yi a inda ya kamata ya yi magana.

Wakilin da ya zo maka sau uku, ruwa ba ya tsami banza. Kamasho yake samu a kan duk wanda ya yi wa rajista. Wannan ba laifi ba ne, kai ma da riba kake sayar da birki da fulogi. Sai dai ka sani kayan shagonsu kaɗai zai nuna maka. Da wuya ya ce maka, "Malam, je ka PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, za ka fi samun sauƙi," ko da kuwa haka ɗin ne.

Ita manhaja ba ta cin kamasho, shi ya sa ɗan yayanka ya yarda da ita. Amma ka fahimci yadda take aiki. Irin su ChatGPT, da ya fito a ƙarshen 2022, da Meta AI da ke cikin WhatsApp, an horar da su ne da tarin rubuce-rubucen intanet, kuma abin da aka rubuta kan inshorar Amurka ya ninka na Najeriya nesa ba kusa ba. Idan ba a ja musu kunne ba, sai su ba ka shawarar da ta dace da mutumin Amurka. Farashin da za su faɗa maka kuma yana iya zama na bara ko na bariya, alhali kai ka san yadda kuɗin magani ya tashi tun 2023. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ko sun sani ko ba su sani ba, da murya ɗaya suke magana, babu ɗar.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi ko'ina. Wane asibiti ne ya daina karɓar katin wane kamfani saboda bashi ya taru? Wane kamfani ne ke ɗaga waya ƙarfe biyun dare? A ina ake ce wa mai kati "babu maganin, je ka saya a waje"? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa. Wanda ya san wannan shi ne ma'aikacin da ke zaune a teburin inshora na asibitin da kuke zuwa. Shi ne mutum na uku da ba ka ambata a wasiƙarka ba, kuma shi zan ce ka fara nema. Je ka da hantsi bayan layi ya ragu, ka gaishe shi, ka ce, "Don Allah, katin wa kuka fi jin daɗin aiki da shi?" Ko bai kama suna ba, fuskarsa za ta gaya maka.

Bari in buɗe maka cikin lamarin kaɗan, don ka san abin da kake saye. A tsarin gwamnati, asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kanka, ko ka je ko ba ka je ba. An daɗe ana biyan naira 750 kan kowane mutum kafin a ƙara. Da wannan ake duba ka kan zazzaɓi da ƙananan larurori. In abu ya kai ga aiki ko ganin babban likita, kamar a tura ka JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, sai an samo lambar izini, wadda kowa a asibiti ke kira kod, daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorarka. A nan ake shan wahala. A 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da ita cikin awa ɗaya. Ranar da aka ja maka rai a kan kod, manhaja ba za ta kira kowa ba. Wakili mai mutunci kuwa, wanda ka san ofishinsu, yana iya ɗaga waya a saki aikin. Wannan ne babban amfanin ɗan'adam a harkar, in ka dace da na ƙwarai.

Yanzu ga halin gidanka. Maganar mai ɗakinka ita ce ta gaggawa. Yawancin takardun kamfanoni masu zaman kansu da suka bi ta hannuna suna sa lokacin jira kafin su ɗauki haihuwa, wata 9 har zuwa shekara. Cikin da ya kai wata huɗu ba zai jira su ba. Kada ka biya ko sisi sai an nuna maka a rubuce cewa wannan cikin, da awonsa da haihuwarsa da aiki in ta kama, yana ciki.

Maganar Hajiya kuma dabam ce. Abin da ake kira iyali a tsarin gwamnatin tarayya shi ne miji da mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa ba ta ciki, rajistarta ta daban za a yi. Wasu kamfanonin ma ba sa ɗaukar wanda ya haura 60 ko 65 sai a tsari na musamman mai tsada, kuma suna kaffa-kaffa da ciwon da mutum ya shigo da shi. Shi ya sa zan ce ka leƙa ofishin PLASCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Filato da aka kafa a 2019, ka kuma tambayi shirin GIFSHIP na NHIA, wanda aka yi domin irinku da ba ku cin albashin gwamnati. Tun dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar NHIS da NHIA, an tanadi asusu na masu rauni, tsofaffi na ciki. Tambayi ko Hajiya za ta samu gurbi. Ka tafi da kwalayen magungunanta a leda, ka baje su a kan tebur, a nuna maka wanne ke cikin jerinsu. Ka kuma san cewa a tsarin tarayya mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

To ina aikin ɗan yayanka da wayarsa? Yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Ka ce wa wakilin ya kawo cikakkiyar takardar sharuɗɗa, ba 'yar takardar talla mai hoton likita yana dariya ba. Yaron ya ɗauki hotonta ya sa wa manhajar, ya ce ta fitar da duk abin da ba a biya, da lokutan jira, da iyakar kuɗin da za a kashe a shekara, ta kuma faɗi shafin da kowanne yake. Sannan ku buɗe shafin ku gani da idonku. A wannan aikin ta fi ni sauri, kuma ba ta gajiya da Turancin lauyoyi. Amma kada a sa mata sakamakon gwajin Hajiya da sunanta a jiki, ba ku san inda zai kwana ba.

In wakilin ya ce takardar sai bayan ka biya, ka sayo masa lemo, ka yi masa godiya, ka ce za ka neme shi.

TAMBAYA

Hajiya, na tambayi manhaja ko inshorar lafiya halal ce, ta kawo mini maganganu iri-iri har kaina ya ɗaure.

Daga wata mai karatu, Bukuru.

AMSA

'Yar'uwa, wannan ba hurumina ba ne, ba kuma na waya ba. Abin da zan iya gaya miki, tsarin jihohi an gina shi ne a kan karo-karo, kowa ya zuba a yi wa wanda ya kwanta magani, akwai kuma kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan. Karɓo takardar tsarin da kike so ki kai wa malamin da kike karatu a wurinsa, ya duba da kansa.