Abin da na gani a shekara takwas tare da ɗan majalisar jiha

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka. Ka ce shekara biyu ke nan da kuka zaɓi ɗan majalisar jiha, ba ku ga titi ba, ba ku ga ko rijiyar burtsatse ba, da kuka yi ƙorafi sai yaransa suka ce ai aikinsa yin doka ne kawai. Kana son sanin abin da mutumin nan yake yi daga safe zuwa dare, da abin da ya kamata ku tambaye shi. Zan amsa maka da abin da idona ya gani, domin daga 2011 zuwa 2019 ni nake riƙe wa wani ɗan majalisar jiharmu takardunsa, ni nake zama a ofishinsa na mazaɓa, kuma sau da yawa ni nake rubuta masa abin da zai faɗa a zaure.

Yaran nasa ba ƙarya suka yi maka ba, amma rabin magana suka faɗa maka.

Aikin yakan fara ne tun kafin rana ta fito. Idan aka sallame sallar asuba, kafin maigidana ya ƙaraso gida daga masallaci, an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Wannan da takardar magani, wancan da takardar kuɗin jarrabawar NECO na 'yarsa, ga dattijai uku daga wani ƙauye sun zo kan taransifoma da ta ƙone wata biyar, ga matashi da takardun makarantarsa a leda yana neman a rubuta masa wasiƙa zuwa wata ma'aikata, ga katin ɗaurin aure, ga sanarwar rasuwa. Ina da littafi mai baƙin bango da nake rubuta sunan kowa da ƙauyensa da buƙatarsa. Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa. Ta zo da takardar asibiti a ƙulle a bakin zanenta, ta jiƙe da gumi har rubutun ya fara gogewa. Jikanta ne za a ƙara wa jini. Ta ce mini, "Ɗan nan, ni ba roƙo na zo ba, na zo ne wurin wanda na dangwala wa." Maigida ya zaro abin da ke aljihunsa ya ba ta, ya sa direba ya kai ta. Babu sashen tsarin mulki da ya ɗora masa wannan, amma duk wanda ya ce maka ba ya cikin aikin ɗan majalisa a ƙasar nan, bai taɓa tsayawa a wannan ƙofar ba. Ni ba na ganin laifin masu zuwa. Da asibitin garinsu yana da magani, da tsohuwar nan ba ta hau mota tun duhun asuba ba.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Wanda ya ƙare wa'adinsa yana raba dubu biyu-biyu a ƙofar gida, za a yi masa addu'a, amma asibitin nan zai bar shi yadda ya same shi.

Wajen ƙarfe goma sai mu nufi majalisa, kwana uku a mako idan ba a hutu ake ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba za ta wuce 40 ba. Kano ke da 40 cif, Katsina da Kaduna 34 kowace, Jigawa 30. Ya kuma wajabta a zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma zama ba ya inganta sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun halarta. Har ma sashe na 109 ya ce wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama a shekara ba da uzuri ba, kujerarsa ta zama babu kowa. To ka ga tambayar farko da za ku yi wa naku ke nan: yana zuwa? Ofishin akawun majalisa yana da rajistar halarta, kuma duk abin da aka faɗa a zaure ana rubuta shi.

Idan aka shigo da sandar majalisa, Kakaki ya zauna, aka yi addu'a, aka amince da bayanin zaman da ya gabata, sai a shiga jerin abubuwan ranar. A nan mutane suke ruɗewa, don haka bari in tsaya. Abu biyu ne ɗan majalisa yake iya kawowa. Akwai ƙudurin doka, wanda ake yi wa karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa wa kwamiti, wani lokaci a kira jin ra'ayin jama'a, a dawo a yi karatu na uku, sannan a kai wa gwamna. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na majalisa za su iya mayar da shi doka ba da shi ba. Akwai kuma ƙudurin kira, wanda za ka ji a rediyo da yamma: "Majalisa ta yi kira ga gwamnati da ta gyara hanyar gari kaza." Wannan na biyun shawara ce. Ba ta tilasta wa gwamna komai, ba ta fitar da ko kwabo daga baitulmali.

Na koyi wannan ne da wahala. Akwai wani ƙauye a mazaɓarmu da rafi ya raba shi da hanyar kasuwa. Da damina ta yi nisa, sai dai a ɗauki babur a ka a tsallaka, mace mai naƙuda kuwa sai a ɗora ta a kan amalanke a zaga ta wata hanya mai nisa. A shekararmu ta farko ruwa ya ci yara biyu a wurin. Na kwana ina rubuta ƙuduri, maigida ya tashi a zaure a matsayin batun gaggawa, muryarsa tana rawa, abokan aikinsa suka mara masa baya, Kakaki ya buga guduma, aka yi wa yaran addu'a. Da daddare aka sa a labarai, mutanen ƙauyen suka zo godiya da kaji da buhun gero. Damina ta sake zagayowa, ko tsakuwa ɗaya ba a zube ba. Ranar da dagacin ya zo ofis ya zauna bai ce komai ba sai kallona yake, na rasa inda zan sa kaina.

Wani tsohon ma'aikacin majalisa, wanda ya ga jiya ya ga yau, shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaro, abin da ba ya cikin kasafi, babu shi." Daga ranar na fahimci inda ƙarfin ɗan majalisa yake. Gwamna ne yake kawo kasafin kuɗi, amma ba ya iya taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince. Bayan an gabatar, sai a rarraba shi ga kwamitoci, kowane kwamishina ya zo da babban sakatarensa da daraktocinsa su kare abin da suka nema. Wannan zaman ba ya shiga rediyo. Ɗaki ne ƙarami, fanka tana juyawa, takardu jibge a tebur, ana bin layi ɗaya bayan ɗaya har bayan la'asar. Maigidana ba ya cikin kwamitin ayyuka, don haka sai da ya bi shugaban kwamitin har gida sau uku, ya bi shugaban kwamitin kasafi, ya nemi injiniyan ma'aikata ya je ya auna rafin ya kawo ƙiyasi a rubuce. Da ƙyar da jiɓin goshi aka samu layi ɗaya: gina kwalbati mai ƙofa uku a ƙauye kaza.

Ko da hakan, shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Fayil ɗin nan na bi shi wata bakwai. Daga ma'aikatar ayyuka zuwa ofishin tantance kwangila, daga can zuwa gidan gwamnati, daga can zuwa ma'aikatar kuɗi. Sau biyu aka ce ya ɓata, sau biyu na samo shi a ƙarƙashin wasu fayilolin da taimakon masinja. A damina ta huɗu ne mota ta fara tsallaka wurin. Ranar na tsaya a kan kwalbatin, ruwa yana wucewa ta ƙasa, wata akori-kura ta wuce da buhunan albasa, hawaye ya zubo mini. Shi ya sa idan wani ya ce ɗan majalisa ba ya gina titi, sai in ce gaskiya ne ba shi yake ba da kwangila ba, amma idan shekara huɗu ta wuce babu sunan garinku a kasafi ko sau ɗaya, wani ya yi barci a bakin aikinsa.

Ɗayan aikin da aka fi sakaci da shi shi ne sa ido. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su, ta gayyaci jami'i, ta nemi takardu. Rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha ma majalisa ake kai wa. Na taɓa raka kwamitin ilimi zagaye, muka isa wata firamare da takarda ta nuna an gyara ajujuwa shida an biya. Muka tarar da fenti a bangon da yake kallon titi kawai, ciki kuwa yara suna zaune a ƙasa, rana tana haska su ta rufin da babu kwano. Hedimasta ya yi ta murza hula a hannu, yana tsoron magana. Kwamitin ya kira ɗan kwangila da jami'an da suka sa hannu, kuma kafin zangon karatu ya ƙare an rufa ajujuwan. Ba kullum ake samun haka ba. Na ga zagayen da ya ƙare a ofishin shugaban ma'aikata da lemo da nama, ba wanda ya taka zuwa wurin aikin, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Kada ka raina ikon majalisar jiha don ka ga yawancinsu suna bin gwamna sau da ƙafa. Ita ke tantance kwamishinoni. A Jamhuriya ta Biyu majalisar tsohuwar jihar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amince wa gwamnan jihar, Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, da kwamishinoninsa, daga bisani ta tsige shi a watan Yunin 1981. A Kano, majalisar jiha ce ta yi dokar ƙirƙiro sababbin masarautu a 2019, majalisar jiha ce kuma ta soke ta a 2024. Gyaran tsarin mulkin ƙasa ma ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Ta hanyar nan aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25 a 2018. Ikon yana nan. Abin da yake hana amfani da shi, a ganina, tsoron rasa tikitin jam'iyya ne a zaɓe mai zuwa.

Daga Juma'a zuwa Lahadi kuwa mazaɓa ake komawa: ɗaurin aure uku kafin azahar, ta'aziyya a ƙauyuka biyu, sulhu tsakanin manoma da makiyaya a gaban hakimi, taron shugabannin jam'iyya na gunduma wanda ba ya ƙarewa da wuri. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Ni a wurin zaman makoki na fara jin labarin rafin nan.

Ku kuma rarrabe abin da yake nasa da wanda ba nasa ba, don kada ku kai kuka inda ba za a share muku hawaye ba. Kasuwa, tasha, kwashe shara da maƙabarta aikin ƙaramar hukuma ne, ciyaman da kansilanku za ku riƙe. Babbar hanyar tarayya ta wakilinku na Abuja ce. Ɗan majalisar jiha zai iya yi muku magana a kan duk waɗannan, amma inda hannunsa yake kaiwa kai tsaye shi ne kasafin jiha da ma'aikatun jiha.

Da ni ne a matsayinku, ga abin da zan yi. Ku zauna da mai unguwa da limami da matasa da mata ku tsayar da buƙata ɗaya, ba goma ba. Ku rubuta ta da sunan unguwarku, ku haɗa da hotuna, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Ku kai tun damina ba ta ɗauke ba, domin lokacin ne ma'aikatu suke haɗa nasu lissafin. Wanda ya zo a Janairu ya tarar an riga an rufe. Ku tambaye shi kwamitocin da yake ciki. Idan ya ce muku ya saka aikinku, ku roƙe shi cikin ladabi ya nuna muku shafin da layin a littafin kasafi, da ma'aikatar da aka sa shi a ƙarƙashinta. Jihohi da yawa yanzu suna sa kasafinsu a intanet, ɗalibi ɗaya mai waya zai iya nemo muku. Daga nan ku wakilta mutum biyu masu haƙuri waɗanda za su riƙa leƙa ofishinsa duk wata suna tambayar inda fayil ya kwana. A ofishinmu, takardun da suka zo da hatimi da mai bibiya su ne nake ɗora wa maigida a saman tebur kowace Litinin.