Neman ɓoyayyen akwati a cocin ƙauye, meye abin?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina karatu a Shefil ta Ingila, ƴan ajinmu sun ce in zo mu je geocaching a wani cocin ƙauye wai shi Eyam. Meye shi, kuma dole sai na shiga cikin cocin?

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, wasa ne na neman abin da wani ya ɓoye, da wayarka za ka yi. Mutum zai ajiye ƴar roba da takarda a ciki, ya saka lambobin GPS na wurin a manhajar Geocaching, kai kuma ka bi har ka gano, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar yadda ka same ta. A Mayun 2000 aka fara shi a jihar Oregon ta Amurka, bayan gwamnatinsu ta daina dagula siginar GPS ga farar hula.

A Ingila akwai jerin robobin da ake ɓoyewa kusa da coci-coci da ake kira Church Micro, tun 2007 ake yinsa, yanzu sun haura 10,000. Da yawansu ba za a ba ka wurin kai tsaye ba, sai an sa ka karanto shekara a jikin dutsen kabari ko bango, ka yi ɗan lissafi sannan lambobin su fito. To a nan daɗin yake, don dole ka tsaya ka karanta abin da da wucewa kawai za ka yi.

Kuma Eyam ba ƙauyen da za ka yi gaggawa ba ne. A 1665 annoba ta shigo musu ta cikin ƙullin yadi da aka aiko wa tela daga Landan, limamin cocin William Mompesson ya shawo kan mutane suka killace kansu, ba shiga ba fita, don kar ta kai ga maƙwabta, abinci ma a bakin iyaka ake ajiye musu su kuma su bar kuɗin cikin ruwan khal. Wajen mutum 260 suka mutu. Matarsa Catherine na ciki, ta rasu a 1666, kabarinta na nan a harabar cocin. Akwai kuma tsohon gicciyen dutse da ya haura shekara 1,000, da agogon inuwa na 1775 a jikin bango.

Batun shiga kuwa, galibin alamomin da za ka karanto a waje suke, robar ma yawanci a bayan katanga ake sa ta ko gefen hanya, saboda sai da izini ake ɓoye abu a haraba. Ba a binne ta a ƙasa, dokar wasan ta hana, don haka kar ka tona komai, kar ka taka kabari, in ka tarar ana jana'iza ko ibada ku ja gefe. Ka tafi da biro fa, ƙananan robobin ba sa ɗaukarsa, kuma ka sauke taswirar tun a gida don sabis na yankewa a ƙauyukan nan.