Amsa: 'yar ƙwallon kwandon Finland da ta kai WNBA

Ka tambaya ko akwai wata 'yar Finland da ta yi suna a ƙwallon kwando har a Amurka. Akwai, sunanta Awak Kuier. An haife ta a Alƙahira a 2001, iyayenta 'yan Sudan ta Kudu ne, amma a garin Kotka na Finland ta tashi. A 2021 ƙungiyar Dallas Wings ta ɗauke ta a matsayi na biyu cikin sababbin 'yan wasan WNBA, babbar gasar ƙwallon kwandon mata ta Amurka, ita ce kuma 'yar Finland ta farko da ta buga wasa a gasar. A 2022 ta daka tsalle ta cusa ƙwallo cikin kwando da hannu, abin da mata kaɗan suka taɓa yi a can.

Sai dai kada ka auna ta da wasanninta na Amurka kaɗai, don a Dallas yawanci daga benci take shigowa. Ni dai sai da na kalli wasanninta na Italiya, a Ragusa sannan a Venezia inda suka lashe gasar lig ta ƙasar a 2024, na gane yadda tsawonta ke hana abokan hamayya sakat a gindin kwando.