Tambayoyinku: Na fara kwas ɗin intanet na kyauta, na kasa gamawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina taimaka wa kawuna a rumfar tumatir da albasa a kasuwar Mile 12. Na yi rajistar kwas ɗin lissafin kasuwanci na kyauta a intanet, amma bidiyo ya cinye mini data, wuta ba ta zama, ga malamin Baturen Amurka ne, Turancinsa gudu yake yi. Sai na watsar. Shin takardar irin wannan kwas tana samar da aiki, ko ɓata lokaci ne?
Wani matashi, Mile 12, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka ɗauka ƙwaƙwalwarka ce ta gaza. Tun 2012 da aka kafa Coursera da edX, manyan shafukan kwasa-kwasan intanet, ake fama da wannan matsala. Wani bincike da aka buga a 2019 kan darussan intanet na jami'o'in MIT da Harvard da ke Amurka ya nuna waɗanda ke kaiwa ƙarshe ba su kai 5 cikin 100 ba, har da masu wuta dare da rana. To ina ga kai da asubar fari kana wajen sauke kwanduna daga motocin Arewa?

Abin da ke ci mini rai shi ne kalmar kyauta da ake yi wa samarinmu romon baka da ita. Kallon darasin ne kyauta. Takardar shaida galibi da dala ake biya, datar kuma daga aljihunka take fita, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Duk da haka, a ganina ka koma, amma da niyyar gyara littafin rumfar kawunka. Abin da aka koyar yau, gobe ka gwada shi a kan bashin 'yan sari da asarar tumatirin da ya ruɓe. Ka riƙa sauke bidiyo da datar dare mai rahusa, ka rage gudun maganar, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa. Ka kuma nemi aboki ko da ɗaya ne, ku zauna bayan sallar isha'i, domin karatun mutum shi kaɗai saurin mutuwa yake yi.

Batun aiki kuwa, takardar gajeren kwas ba ta maye gurbin digiri a ma'aikatun gwamnati. Kamfanoni masu zaman kansu sukan duba ta, amma sai sun gwada ka sun ga abin da ka iya. In digiri kake so ba tare da barin kasuwa ba, ka leƙa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Tana da cibiya a titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island, littattafanta suna intanet kyauta, kuɗin makaranta kuma da naira ake biya. Ka tafi da sakamakonka na WAEC ko NECO, a duba ko kana da kiredit 5 har da Turanci da lissafi.