Ba gudu ake dubawa a wurin X ba

Kai yaro, ka ce a wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, cikin masu cafe ƙwallon nan uku, X da Z da na lungu, a ina za ka ajiye wanda ya fi gudu. Tun daga tambayar ka kauce. Jera mutane kuwa ba zan koya maka ba. Wanda bai san dole aƙalla mutum bakwai na ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo su hau layin da ake fara wasa ba, me ya kawo shi aikin koci?

X a kan layi yake, shi kaɗai a gefensa, ba shi da damar motsi kafin a saki ƙwallo. Mai gadinsa na tsaye a hancinsa. Tsawo yake bukata da ƙarfin hannu, irin Calvin Johnson na Detroit da ya kwashi yadi 1,964 a 2012. Z na ja da baya kaɗan, ana iya zagayawa da shi ya samu sarari. Na lungu kuma aikin kai ne: ya karanci masu tsaron tsakiya, ya tsaya inda babu kowa, ya sha karo ya tashi. Dubi ƙungiyar New England a 2007. Randy Moss na waje yana jan masu tsaron baya can nesa, ya ci tocdawun 23, wato kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki. Tsakiya ta buɗe, Wes Welker ya cafe ƙwallo 112 a lungu.

Wannan magana ce ta raba ni da aikina a wata sakandare a nan Amurka, kuma wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina da wani yaro gajere, ƙafarsa kamar ta zomo, in ya juya a yadi biyar babu mai bin sa. A lungu Allah ya ajiye abincinsa. Ubansa ya ɗauke ni in riƙa ba shi horo na musamman lokacin hutu, ya biya rabi, ya ce saura sai ƙarshen kaka. Da kaka ta yi nisa sai ya zo ya ce ɗansa ba zai zauna a lungu ba, X yake so, don can masu neman 'yan wasa na jami'a ke kallo. Na ce Alhaji, za a danne shi a layi. Bai ji ba. Shi ya sayi rigunan ƙungiya, sai ya bi ta sama, aka ba ni umarni.

Wasan da za mu haye zagaye na gaba, saura ƙasa da minti biyu, muna bukatar yadi shida. Aka kira gajeren yanka zuwa ciki, irin wanda mai jifa ke ja da baya taku uku ya saki ba tare da jira ba. Mai gadin dogo ne. Ya dafa wa yaron hannu biyu a ƙirji, yaro ya tsaya cak, ƙwallo ta isa wurin da ya kamata ya kasance, mai tsaron baya ya cafe. Ina kallon yaron a durƙushe yana dukan ƙasa. Washegari uban ya ce ni ban iya koyarwa ba, ya hana ni sauran kuɗina, makaranta kuma ta sallame ni. Ban yafe ba.

Ku 'yan zamani bidiyon cafiya da hannu ɗaya kuke kallo a waya, kowa na son ya zama X, babu mai son tare wa ɗan'uwansa hanya in ana gudu da ƙwallo. Gobe da la'asar ka kawo min su ukun, ka tsayar wa kowanne mai gadi a gabansa. Wanda ya wuce ba a taɓa masa ƙirji ba, shi ne X ɗinka. Mai gudun nan ka fara gwada shi a Z.