Tambaya da Amsa: Zama Baƙar Fata Yana Buɗe Ƙofar Harvard?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata a Amurka aka haife ta, bana take gama sakandare. 'Yan uwa suna ta ce mini in kwantar da hankalina, wai tunda baƙar fata ce manyan jami'o'i rububinta za su yi. Gaskiya ne?
*Wata uwa daga Maryland*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. 'Yan uwan naki tsohon labari suke ba ki. Daga 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'a ware wa wani jinsi adadin kujeru, amma ta yarda a duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da dama, kuma ta sake tabbatar da haka a 2003. Ranar 29 ga Yuni, 2023, kotun ta rushe wannan tsari a ƙarar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta kai Harvard da Jami'ar North Carolina. Babban ƙorafin masu ƙarar shi ne ana danne ɗalibai 'yan asalin Asiya. Tun daga ranar, jami'a ba ta da hurumin ƙara wa ɗalibi maki don kawai baƙar fata ne.

An ga sakamakon a ɗaliban da suka shiga a 2024. A MIT baƙaƙen fata sun sauko daga wajen kashi 13 cikin ɗari zuwa 5. A Amherst daga 11 zuwa 3, a Harvard daga 18 zuwa 14. A Yale kuwa adadin bai motsa daga 14 ba, don haka kada a yi wa jami'o'in kuɗin goro.

Akwatin da ake zaɓar jinsi yana nan a fom ɗin Common App, wato fom ɗin neman gurbi da jami'o'in Amurka da yawa suke amfani da shi, sai dai jami'o'i suna iya ɓoye shi ga masu tantancewa. Ta cike ko ta bari, ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da hukuncin ya bari shi ne rubutun da ɗalibi yake yi game da kansa. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta cewa jami'a tana iya sauraron yadda launin fata ya shafi rayuwar ɗalibi, muddin abin ya nuna wani hali ko ƙwazo nasa shi kansa. Babban rubutun ba ya wuce kalma 650, ga kuma gajerun tambayoyi da kowace jami'a take ƙarawa.

A nan yara da yawa suke tafka kuskure. Sai yarinya ta cika shafi da tarihin wariyar launin fata, abin da mai karantawa ya riga ya sani, kuma ya ga irinsa sau ɗari a makon. Abin da ake nema shi ne abu guda da ta yi da hannunta. Misali, idan ita ke raka kakarta asibiti tana yi wa likita tafinta daga Hausa, ta faɗi ranar da ta rasa yadda za ta fassara sunan wata cuta, da abin da ta yi daga baya: ko ta haɗa ɗan kundin kalmomin asibiti, ko ta koya wa ƙannenta. Kuma don Allah, Hajiya, kada ku iyaye ku gyara rubutun har muryarta ta ɓace. Masu tantancewa suna gane hannun manya.

Tambaya: Malam, ina SS3, kuma burina MIT ko Princeton. Wannan hukunci ya rage mini dama?
*Wani ɗalibi daga Zariya*

Amsa: Ɗan samari, kai dama ba a wannan layin kake ba. A ƙididdigar jami'o'in Amurka, ɗalibin da ya zo da biza ana sa shi ne a rukunin 'yan ƙasar waje, ba a lissafa shi cikin baƙaƙen fatar Amurka. Abokan takararka su ne yaran Legas, Accra, Nairobi, Delhi da Seoul. Zuwanka daga yankin da ba kasafai suke samun masu nema ba yana iya jan hankali, don hukuncin bai hana duba garin da mutum ya fito ko halin gidansu ba. Amma jan hankali kawai ne. Harvard wajen mutum huɗu kacal take ɗauka cikin ɗari na masu nema.

Abin da ya fi launin fata tasiri a kanka shi ne kuɗi. Karatu da masauki a irin waɗannan makarantu sun haura dala 80,000 a shekara, kuma yawancin jami'o'i suna duba aljihun ɗalibin waje kafin su ba shi gurbi. 'Yan kaɗan ne ba sa dubawa, kuma suke cike duk giɓin da iyaye suka kasa: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin suna ciki. Daga 2025 Harvard ta ce iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ba za su biya komai ba. Ka fara jerinka da irin waɗannan, sannan ka ƙara wasu da gasarsu ba ta kai haka zafi ba.

Ka tanadi sakamakonka na SS1 zuwa SS3 da na WAEC, wasiƙun shaida daga malamai biyu da suka koyar da kai a aji, da jarrabawar SAT. MIT ta sake wajabta ta a 2022, Harvard a 2024, kuma galibin waɗanda suke ɗauka suna da 1500 zuwa sama cikin 1600. Wa'adin farko na miƙa takardun neman gurbi yana kamawa 1 ga Nuwamba, na gama-gari farkon Janairu. Wasiƙar wani babban mutum da bai taɓa ganin littafinka ba ba ta da amfani. Gara malamin lissafi da zai faɗi irin tambayar da kake yi masa a aji.

Kada kuma ka ɓoye cewa kana buƙatar tallafi don a ɗauke ka, da niyyar nema daga baya. Jami'o'i da yawa ba sa ba ɗalibin waje tallafi idan bai nema tun farko ba. Ka tuntuɓi EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, a Abuja ko Legas, shawararsu kyauta ce, ka tambaye su halin da bizar ɗalibai take ciki, don tun 2025 Amurka take tsaurara ta ga ƙasashen Afirka da dama.

Tambaya: To yanzu ke nan cancanta zalla ake bi?
*Wani malamin makaranta daga Kano*

Amsa: A'a, Malam. Hukuncin bai taɓa fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan masu ba jami'ar gudummawa da 'yan wasannin motsa jiki ba. Takardun shari'ar Harvard sun nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na fararen fatar da aka ɗauka daga waɗannan rukunai suke, har da 'ya'yan ma'aikatan jami'ar. MIT ba ta ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai fifiko, Amherst ta daina a 2021, Maryland da California kuma sun hana shi da doka, amma a mafi yawan manyan jami'o'i masu zaman kansu yana nan daram. Ko a gida Najeriya, jami'o'in tarayya kashi 45 suke ware wa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Bambancin shi ne namu rubutacce ne da lambobi, nasu kuwa a ɗakin tantancewa ake yanke shi, fayil bayan fayil.